Mai Tabon Mai a Yatsa

Malamin lissafi yana tsaye a shagon kayan kwamfuta, riƙe da kwalin ƙwaƙwalwar kwamfuta mai tsada da ta ƙi zama a madabod ɗinsa, wato babban allon cikin na'urar, yana satar kallon wata mata. Mayafinta ya koɗe, yatsanta da tabon man sanyaya na'ura. Tana juya kwali, tana karanta lambar mazaunin ƙwaƙwalwa da leɓe, sannan ta nuna ƙwaƙwalwa mafi araha.

"Hajiya, wannan ba ta gudu," in ji mai shago.

"Za ta koya, ni zan ƙara mata wuta. Ba ni babbar fanka dai, kada ta ƙone."

Ƙila ko aji ba ta taɓa shiga ba. Shi kuwa malam bai duba wannan lambar ba kafin ya saya. Ya tura kwalinsa cikin aljihu, kada ta gani.