Digirin Wasa a Hannun Abokin Wasa

Ana sallame sallar asuba muka bar Boɗinga, ni da autana, ko kunu ban tsaya sha ba. Tun daga tasha raina ya fara ɓaci. Direban bas ya rantse saura mutum ɗaya mu tashi, ashe mutum ɗayan nan bai farka daga barci ba tukuna. Kuɗin mota kuwa ya hau, yadda ka san Makka za a kai mu ba Shagari ba. Aka cusa ni tsakanin buhun albasa da wani mai kaji, albasa tana sa ni hawaye, kaji suna saran ƙafata.

Ga waɗanda ba su sani ba, autan nan nawa digiri na biyu yake yi a jami'a, fannin tafiyar da harkokin wasanni. Ni da na tsaya a aji huɗu na firamare, sai da ya maimaita mini sau da yawa kafin na gane cewa ba ƙwallo yake bugawa ba. Shi mai tsara yadda za a yi wasa ne: wa zai kara da wa, ina 'yan kallo za su tsaya, wa zai ɗauki wanda ya karye. Tsofaffin majalisarmu kuwa ba su da aiki sai cewa 'ya'yan mutane suna likita da lauya, nawa ya tafi jami'a koyon wasa. Na daɗe ina haɗiye wannan magana.

Dalilin tafiyar shi ne malaminsa ya ce sai ya je ƙauye ya ɗauko bayanin yadda ake shirya kokawar kaka daga bakin masu shirya ta. Kuma kokawa ba ta jiran kowa. Da an gama sussuka mutane sun koma fadama dashen albasa, shi ke nan sai baɗi, yaro ya yi asarar shekara guda. Shi ya sa na buga wa taubashina waya, ɗan ƙanwar mahaifina da ke wani ƙauye gaba da Horo Birni, na ce ya nema mana iso wurin sarkin fage, dattijon da ke riƙe da kokawar garinsu. Na faɗa masa karatun yaron dalla-dalla. Ya ce ya ji.

Mun wuce Sifawa rana tana ɗagowa, gonaki duk an yanke gero, dammuna an jingine su, shanu sun shiga kara suna kiwo. Abin gwanin kyau, amma direbanmu bai bar ni na kalla ba, don duk ramin da ke hanya sai ya gaisa da shi. A Shagari muka sauka na ci ƙosai mai zafi, wanda shi kaɗai ne bai ɓata mini rai ba a ranar. Daga nan sai kabu-kabu. Wanda ya ɗauke ni yana tuƙi yana amsa waya yana dariya, na ce masa in da uwarsa ce a baya zai yi haka? Ya ce uwarsa ba ta da surutu irin nawa.

Tun kafin mu shiga garin muka fara jin kiɗa. Na ce wa yaro ka gani, mun yi sa'a, yau ma akwai wasa. Muna sauka sai makaɗa suka yo kanmu, jama'a ta kewaye mu, mata suna leƙe ta kan darni. Wani maroƙi ya ɗaga murya yana cewa ga baƙo daga jami'a, wanda ya gama digirin kokawa na farko bai ƙoshi ba ya koma na biyu, wanda ya kayar da farfesoshi. Na dubi autana, siriri kamar karan dawa, da tabarau da jakar goyo. Na waiga sai ga taubashina a gindin itacen bedi yana riƙe da ciki, dariya ta hana shi miƙewa.

Na ja shi gefe. Ya share hawaye ya ce, “Bawana, kai kac ce ɗanka na karatun wasa. To ga wasa nan mun shirya mai. Mi nay yi?”

Ku da ba ku san taubasantaka ba, ku ji inda aka ɗaure ni. Taubashi abokin wasa ne. Ko rawaninka ya tuɓe a tsakiyar kasuwa ba ka da ikon fushi, in ka yi fushi kai ne abin kunya a dangi. Haka na tsaya zuciyata tana tafasa, bakina yana murmushi, ina ce masa Allah ya shirye shi.

Muka je gaban sarkin fage, na tuɓe takalma na durƙusa, na ce ranka shi daɗe kuskure aka yi, yaron nan tambayoyi kawai ya zo yi. Dattijon ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce shi gari ya riga ya taru, kuma tun kakanninsu ba a faɗa wa mutum yadda ake riƙe fage sai wanda bayansa ya taɓa ƙasar fagen. In yaro zai shiga, shi dattijon bakinsa a buɗe yake har magariba. In ba zai shiga ba, ga fura nan, mu sha mu koma. Can gefe kuma ga zakaran garin yana ɗaura layu a damtse, ƙato kamar rumbu.

Na ce wa yaro mu tafi, shekara ba komai ba ce, ƙashin baya guda ɗaya ne. Ya cire tabarau ya miƙa mini ya ce, “Baba, riƙe min. Ba zan koma hannu banza ba.”

Amma bai faɗa fagen kai tsaye ba. Ya koma ya durƙusa ya roƙi arziki uku. A share fili, don ya ga kututturen gero da fasassun kwalabe a ciki. A ja layi a mayar da mutane baya, musamman ƙananan yaran da ke zaune a bakin ƙafar 'yan kokawa. A kuma haɗa shi da sa'ansa a nauyi. Sarkin fage ya ce bara kwalba ta yanke musu mutum a nan, a share. Aka share, aka ja layi da toka, aka fito da wani matashi makiyayi mai jiki irin nasa. Zakara ya kwance layunsa yana gunaguni.

Kada na yi muku ƙarya, kokawar ba ta daɗe ba. Na sunkuya na gyara takalmi, na ɗago, sai na ga ƙafafun digiri na biyu a sama. Garin ya ɗauki ihu. Taubashina har da birgima. Ni kuwa na ruga da tabarau a hannu ina salati, na tarar da shi kwance yana dariya, bakinsa cike da ƙasa.

Sarkin fage da kansa ya miƙa masa hannu ya tashe shi, ya zaunar da shi a kan tabarmarsa. Yaro ya kunna wayarsa, dattijo ya yi ta bayani: yadda ake aika goro garuruwa a gayyato 'yan wasa, yadda ake raba rigima in an yi gardamar kaye, dalilin da ya sa ba a haɗa 'yan gida ɗaya. Shi ma ya riƙa tambayar yaron yadda ake yi a birni. Da za mu tashi ya ce baɗi ya dawo ya ja musu layin nan, kuma wannan karon ba sai ya tuɓe riga ba. Aka kawo tuwon gero da miyar kuka, na ci ina hararar taubashina, yana ƙara mini nama.

Mun iso Boɗinga bayan la'asar, yaro yana ɗingishi yana rungume da wayarsa. Uwarsa ta ga ƙugunsa, ta dube ni, ban samu abincin dare da daɗin rai ba.

Abin da tafiyar nan ta koya mini: kalmar wasa ba a ba abokin wasa ajiyarta. Tsofaffin majalisa kuma, duk wanda ya sake cewa ɗana wasa yake yi, zan biya masa kuɗin mota da kaina ya je ya gwada. Taubashina kuwa ban yi fushi da shi ba, al'ada ta hana. Na dai shaida wa mahautan Boɗinga cewa yana nan tafe da Sallah, kuma tsohon ɗan dambe ne da ya ce duk garin nan bai ga namiji ba.