Wasiƙar Mai Buɗe Ƙofar Ruwa

Ban taɓa mantawa da wata Laraba cikin ranin 1977 ba, da ƙarfe huɗu na yamma. Mu uku ne a ɗakin watsa shiri: ni, da Malam Isa mai kula da na'ura, da shugaban sashenmu, Alhaji Garba. A lokacin ina mataimakin mai tsara shiri, kuma ni ke karanta wasiƙun masu sauraro.

A shekarar ne aka mai da wani wasan kwaikwayonmu na rediyo littafi. Labarin wasu manoma ne da fari ya kora, suka hau kumbo zuwa wata duniya, suka haƙa magudanai suka kama noman rani. Sai muka buɗe fili na minti goma sha biyar don jin ra'ayin waɗanda suka karanta. Galibin wasiƙun daga Kura, Kadawa da Bunkure suke zuwa, don mutanen can masu noman rani ne, kansu suka gani a ciki. Wani makiyayi ya sa an rubuto masa cewa kumbon da ba ya ɗaukar shanu ba abin hawa ba ne. Wata malama daga Madobi ta ce jarumin ya fi hankali a rediyo.

Ƙa'idar gidanmu ita ce ba a karanta wasiƙa sai da cikakken suna da gari. Mutane ma sun fi son haka, wasu don su ji sunansu kawai suke rubutowa. Saboda haka da na buɗe ambulan, suna nake fara nema.

Ran nan akwai wasiƙar wani Malam Ado, mai buɗe ƙofar ruwa a wani sashe na aikin noman rani na gwamnati kusa da Bunkure. Ya yaba littafin, sannan ya ce: "Amma marubucin ya kai ruwa gona bai yi masa hanyar fita ba. Ƙasar nan za ta yi kanwa. Haka ake yi a sashenmu, sau biyu ina gaya wa na gaba da ni, bai saurare ni ba."

Alhaji Garba ya ce ba mu taɓa samun mai karatu irin wannan ba, da ita zan fara. Na karanta ta duka, da suna da gari. Sai bayan an rufe shiri, ina ninke takardar, na ga layi ɗaya a bayanta: "Don Allah kada a faɗi sunana."

Bayan mako biyu na nemi izni na tafi Bunkure. Na tarar da shi a gonar albasar wansa, an riga an sallame shi daga aiki. Ya shimfiɗa mini tabarma, ya kawo ruwa. Na ba shi haƙuri, ya ce babu komai, haka Allah ya so. Da zan tashi ya ce, "Malam, karatunka ya yi kyau, ko kalma ba ka rage ba. Layi ɗaya kawai ka bari."

Abin da na koya shi ne, mu minti biyu muke yi da wasiƙa, mai ita kuwa a garinsu zai ci gaba da zama. Tun daga ranar ba na karanta gaban takarda sai na juya bayanta, kuma haka na koya wa duk wanda ya zo bayana.

Da aka sake buga littafin, an ƙara shafi biyu a kan magudanar fitar da ruwa. Malam Ado bai koma ƙofarsa ba, bai kuma sake rubuto mana ba.