Haƙoran Baba Tanko da Babur Mai Kai Biyu

Ranar Asabar: daga Kilomita Biyar zuwa Yaloke

Ƙarfe biyar da kwata na asuba muka bar gida, da zarar lokacin dokar hana fita ya ƙare. Shekarar boren sojoji ce, lokacin da mutum zai buɗe shago da safe bai san ko harbi zai bar shi ya kai azahar ba. Ni Ilu, mai sayar da kayan gyaran babur a Kasuwar Kilomita Biyar ta Bangi, babban birninmu, a irin wannan lokaci na tashi tafiyar kilomita ɗari huɗu da hamsin zuwa Buwar don in sayi babur. Turawa suna ta tattara nasu ya nasu suna barin ƙasa, kuma labari ya iso mini cewa wani dillali a can ya sami manyan babura biyu daga hannunsu, irin masu kai biyu, waɗanda silindojinsu suke tsaye a buɗe kamar yatsu biyu. Tun ina saurayi nake mafarkin irin wannan babur, wanda zan hau in ci hanya yini guda don daɗin tafiyar kawai.

Abokin tafiyata Baba Tanko ne, maigidana da ya koya mini gyara. Shekara talatin kunnensa ne awon inji a unguwarmu. Sai a bore na biyu wani bam ya faɗo bayan garejinsa, ya fita ba ko ƙwarzane, amma kunnuwan duka biyu suka toshe. Wata biyar ba wanda ya kawo masa ko keke. Ana gobe zan tashi ya aiko mini da akwatin kayan aikinsa, wai in riƙe, shi zai koma gidan 'yarsa a unguwar Kokoro ya zauna. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ɗauki akwatin na mayar masa da kaina, na rubuta masa a takarda da ajami cewa ba zan karɓa ba sai ya raka ni Buwar ya zaɓar mini babur. Ya daɗe yana kallon takardar kafin ya ce, "To, amma in mun dawo akwati naka ne."

A tasha muka tarar da Alhaji Bala mai injinan niƙa yana shan shayi. Da ya ji inda za mu, sai ya ajiye kofi yana dariya. "Ilu, kurma za ka kai ya saurara maka inji? Ka tafi da makaho mana ya zaɓa maka fenti." Don yana sa'an babana na haɗiye abin da ya zo bakina. Baba bai ji ba, amma ya ga dariyar, ya kuma gane da wa ake.

Babbar mota muka samu mai komawa Kamaru ba kaya, kuɗin mota jaka shida kowannenmu a gaba kusa da direba. Sunan direban Idi. Ƙarfe shida da rabi muna shingen Kilomita Goma Sha Biyu, inda sojoji suka sauke kowa, suka duba takardu, suka juye jakar Baba a ƙasa. Ba komai ciki sai riga biyu, goro, da wata tsohuwar sukudireba mai ƙotar katako, wadda mu a nan muke ce wa turnabis. Ƙarfe takwas saura suka sake mu.

Mun wuce Bowali wajen goma. Baba yana jikin ƙofa, ya jingina haɓarsa a ƙarfen taga yana kallon daji. Can sai ya ɗago, da irin ƙarfin muryar nan ta wanda ba ya jin kansa, ya ce, "Direba, boris ɗin tayarka ta gaba, ta dama, yana kuka."

Idi ya dube ni, ya ce, "Tsohon nan ba kurma ba ne?"

Na ce, "Kurma ne."

"To kukan a mafarki ya ji?"

Wallahi ni ma kunya ta kama ni. Amma da muka tsaya a Bosambele, kilomita ɗari da sittin daga Bangi, Idi ya zagaya don ya rufe mana baki, ya watsa ruwan buta a cibiyar tayar. Ruwan ya yi cuu, tururi ya tashi. Awa uku muka yi a wurin ana canza boris, Idi yana ta kawo wa Baba tsire da shayi yana kiransa maigida. Na rubuta wa Baba, "Yaya aka yi ka ji?" Ya girgiza kai ya ce shi ma bai sani ba.

Mun shiga Yaloke gab da magariba, muka sauka a gidan wani mahauci a unguwar Hausawa. Aka kawo gozo, wato tuwon rogo, da miyar wani ganyen daji da ake kira koko, da nama. Ina ci ina lura da Baba: ya ciji cokali da haƙora, yana ƙwanƙwasa ƙarshensa da farce, ya cire, ya sake ciza. Na ɗauka tsufa ne ya fara taɓa shi, zuciyata ta karye.

Ranar Lahadi: daga Yaloke zuwa Buwar

Ƙarfe shida muka tashi. Bayan Bosamtele kwalta ta ƙare, muka shiga jar ƙasa, ga damina. An yi ruwa da safe, don haka aka rufe mana shingen ruwan sama, wanda ake hana manyan motoci wucewa sai hanya ta tsane. Awa huɗu muna zaune muna cin gyaɗa da ayaba. Shinge nawa muka wuce a ranar, na daina ƙirga a na bakwai. A kowanne sai ka sauka, ka ce "Bara ala" da ladabi, wato gaisuwa da harshen Sango, ka miƙa takarda da ɗan abin shan kofi. Mun ratsa Baworo da la'asar, muka isa Buwar rana tana faɗuwa, ga sanyin tudu.

Ranar Litinin: Buwar

Dillalin, Musa, ya ce mu zo ƙarfe tara. Baba ya tashe ni mu je bakwai, domin ƙa'idarsa ce ba ya duba inji sai da sanyinsa. Duk da haka Musa ya riga mu. Baba ya ɗora bayan hannu a kan injin jan babur ɗin da ke tsakar gida, ya ji shi da ɗumi, ya kalle ni.

Jan nan kuwa, kai, sai wanda ya gani. Fenti yana ɗaukar ido, tayoyi sababbi, ba tabo ko ɗaya. Musa ya tayar da shi, ƙara ta fito sumul ba gargada. Na biyun baƙi ne, a jingine a bango, tanki a loɓe gefe guda, kujera da faci. Da aka tayar da shi sai na ji yana bugu biyu ya ɗan dakata, bugu biyu ya ɗan dakata, kamar mai ɗingishi. Mu da muka tashi a kan ƙananan babura masu kai ɗaya, in muka ji inji yana tsallake bugu, ciwo ne, ba wata magana. Na ce wa Musa ya kashe shi kar ya ɓata mai.

Musa ya ce, "Ai maigida ka san inji. Wannan baƙin gyara yake so. Jan shi ne naka."

Na riga na sa hannu a aljihu. Sai Baba ya riƙe mini wuyan hannu, ya yi wa Musa alama ya sake tayar da jan. Ya durƙusa, ya laluba ƙarƙashin tanki, ya murɗa wata 'yar ƙusa har ƙarar ta sauka. Ashe an ɗaga masa silo ne ya yi ta gudu a tsaye. Da ya sauka, sai ga shi shi ma yana ɗingishi irin na baƙin sak.

Baba ya ce, "Ilu, ba na ji, amma na ga fuskarka ɗazu. Mai kai biyu haka aka ƙera shi. Na gyara wa wani Bature irinsa tun ba a haife ka ba. Lafiyarsa ke nan, ba ciwonsa ba."

Daga nan ya zaro turnabis ɗinsa. A da, ƙotar yake karawa a kunne, tsinin a jikin inji. Wannan karon sai ya sa ƙotar katakon a baki, ya cije da turamen haƙoransa, ya kara tsinin a kan silindar gaba, ya rufe ido. Musa ya tuntsire da dariya, matan gidan suka leƙo. Ni kuwa sai cokalin Yaloke da ƙarfen tagar Idi suka faɗo mini a rai gaba ɗaya. Ta ƙashin muƙamuƙinsa ƙarar take shiga.

Ya saurari kan gaba, ya koma na baya, ya sauko can ƙasa kusa da gindin injin, a nan ya daɗe. Ya cire turnabis, ya tofar da yawu, ya ce, "Akwai ƙwanƙwasa a ƙasan na baya. Musa, kwance mini bakin mai kaɗan."

Musa ya ce, "Haba Baba, jiya-jiya aka zuba sabo."

Na ce, "Malam Musa, cokali ɗaya kawai muke so. In lafiya lau ne, na saya ba ciniki."

Man ya fito da kauri kamar zuma, irin na giyar babbar mota. Baba ya murza shi a yatsu ya ɗaga wa rana, sai ga garin ƙarfe yana ƙyalli a ciki. Da na saya, ko Baworo ba zan kai ba. Musa ya rantse haka aka kawo masa, ban ja da shi ba, don abin da ke raina a lokacin ya fi ƙarfin faɗa.

Baƙin ma Baba bai ɗaga masa ƙafa ba. Ya cije turnabis ya bi shi lungu-lungu kusan rabin awa. Ya tofa yawu a bututun hayaƙin gaba da na baya, duka biyu suka yi cuu lokaci ɗaya, alamar kawunan suna aiki tare. Ya ja sarƙa, ya girgiza tayar baya, ya leƙa cikin tanki ko akwai tsatsa. Sannan ya sa na hau na zauna riƙe da kai minti ashirin ba motsi. "Tafiya mai nisa za ka yi, ba zagayen kasuwa ba. In bayanka ko wuyan hannunka ya yi ciwo a tsaye, a hanya kuka za ka yi." Ba inda ya yi mini ciwo. Tankin ma babba ne, abin da ake bukata a ƙasar da sai ka yi sa'a kake samun mai. Muka daidaita da Musa, ya ba ni takardu, muka sa sabuwar tayar baya da sababbin buji, wato fulogi.

Talata da Laraba: komawa gida

Ƙarfe shida na safiyar Talata muka bar Buwar, Baba a baya da jakarsa a tsakaninmu. A jar ƙasa na bi a hankali saboda santsi. Amma da tayoyi suka taɓa kwalta a Bosamtele na murɗa, jama'a, ban taɓa jin abu irin wannan ba. Ba ya ihu, ba ya rawa, ja kawai yake yi daga ƙasa kamar bai san akwai mutum biyu a kansa ba. Baba ya kifa haɓarsa a kafaɗata, in na makara wajen canza giya sai ya mintsine ni. Ta jikina yake jin injin.

Mun sake kwana Yaloke, muka sayi mai a kwalabe, Baba ya tace shi da hularsa. Laraba ƙarfe ɗaya muna Kilomita Goma Sha Biyu. Sojojin sun jiyo bugun tun daga nesa, duk sun miƙe da bindigogi a hannu, na rage gudu na ɗaga hannu ɗaya. Babbansu ya zagaya babur ɗin sau biyu, ya tambaya da Sango na wane babban mutum ne. Na ce nawa ne, ga kuma wanda ya zaɓa. Ya duba takardu ya ɗaga mana sanda.

Ƙarfe biyu da rabi muka shigo Kilomita Biyar. Ban nufi gida ba, na bi ta gaban shagon Alhaji Bala da gangan, a giya ta ɗaya, na tsaya na bar injin yana silo. Mutane suka taru. Alhaji ya fito, ya kasa kunne, ya ce, "Ai ga shi nan. Kurma ya zaɓa maka gurgu."

Ni ma dai ranar Litinin abin da na faɗa ke nan a raina. Baba ne ya sauka, ya wuce shi, ya shiga rumfar da injin niƙansa yake aiki, ya cije turnabis ya kara. Minti biyu ya fito ya ce, "Alhaji, kashe injin nan. Fistin ɗinsa ya kusa cin bango. In ya kai Juma'a, ka kira ni maƙaryaci a masallaci."

Ashe kwana uku injin yana shan baƙin mai, makanikai biyu sun duba ba su gano ba. Ya juya ya kashe injin da hannunsa, ya dawo ya tsaya gaban Baba, ya cire hula ya sosa kai, ya ce da ni a hankali, "Ilu, rubuta masa, yaushe zai samu zuwa?"

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya a irin wannan zamani, na gode wa Idi direba da mahaucin Yaloke da ya ba mu masauki sau biyu. Babur yana nan, ya kai ni wurare da yawa, kuma har yau in ya tsaya a silo sai an sami mai ba ni shawarar in kai shi gyara.

Washegari da safe na je garejin Baba don in cika alkawari in ɗauki akwatin. Na tarar ya share wurin, akwatin a buɗe, injin Alhaji Bala a kwance gabansa. Na nuna akwatin, na nuna ƙirjina. Ya cire turnabis daga bakinsa, ƙotar duk shatin haƙora, ya ce, "Wane akwati? Matsa, kana tare mini haske."