Wanzami da Allura Mai Kube

A shekarar da damina ta yi mana rowa, soji kuma suka karɓi mulki a Yamai, ciwon suga ya kama Baba. Na dawo hutu daga makaranta a Damagaram na tarar wandonsa ya yi masa yawa, yana shan ruwa kamar raƙumin fatake. Kowa ya rame a shekarar, shi ya sa aka daɗe ba a gane tasa ramar daban ce ba.

Baba wanzami ne. Rabin mazan Matamaye sun bi ta hannunsa, har daga Tsauni da Ɗan Barto ana aiko masa aikin kaciya da ƙaho. In yaro ya tsorata, sai ya nuna sama ya ce ga shamuwa can, kafin yaron ya sauke kai an gama.

Yayana da ke cin rani a Kano ya aiko da magani: wani abu kamar bik, wato biro, mai kauri, da kwalin allurai. Likita ya nuna mana yadda Baba zai riƙa yi wa kansa. Kowace allura tana cikin kube na roba, ba a ganin tsininta. In an danna ta a fatar ciki kuben ya ja baya, a latsa gindin bik magani ya shiga. Da an cire, kuben ya dawo ya kulle ƙas, har abada, don kada ta soki wani ko a sake aiki da ita. Ni dai ta ba ni sha'awa. Na riƙa tunanin ƙarfe ne mai kunya, sau ɗaya yake leƙo duniya ya koma.

Baba ya ce shi bai taɓa ɗora ƙarfe a jikin ɗan Adam ba sai ya gwada kaifinsa. Ya zaro fatar da yake wasa aska daga zabira, ya danna allurar a kai. Ƙas. Ya jujjuya ta, ya girgiza, ya ce wannan ta mutu. Ya ɗaura wata, ita ma ta mutu. Ya ce 'yan Kano sun cuci ɗansa.

Na karanta masa Faransancin da ke takardar cikin kwalin, na ce haka aka ƙera ta.

"Uwata," in ji shi, don sunan mahaifiyarsa gare ni, "wanda ya rubuta wannan, kai nawa ya taɓa askewa?"

Kowace safiya da sabon gwaji: sabulu, takalmi, sirdin keke. Alluran kwalin suna ta raguwa. Yaya kuwa ba zai dawo ba sai ruwa ya sauka, sama kuma fes take kamar an share. Ran kasuwa jiri ya ɗebi Baba yana tsakar aski, wani Alhaji ya koma gida da rabin kai a cikin hula. Ranar ban yi dariya ba.

Inna ce ta faɗa mini, muna tankaɗe ɗan garin da ya rage, cewa tun da ta aure shi ko ƙaya bai taɓa yarda an cire masa ba, sai dai ta ruɓe ta fita da kanta. Wanzami ai ba ya son jarfa.

Washegari ta shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida, ta miƙa masa bik ɗin.

"Malam, tunda gwaji ake yi, gwada ta a fatar da aka yi ta dominta."

Ya ɗage riga, ya ɗora bakin kuben a ciki a hankali kamar mai taɓa garwashi, ya shiga addu'a. Ya gama ya sake wata addu'ar. Na tabbata da an ƙyale shi har sallar azahar zai kai. Inna ta kare ido da hannu, ta dubi gabas, ta ce a sanyaye, "Ikon Allah, hadari ne wancan?"

A shekarar ba mai jin wannan kalma ya zauna daidai. Baba ya yunƙura gaba, wuya a miƙe, cikinsa ya hau kan allurar. Ni ma sai da na duba.

"Ina hadarin?"

"Ya wuce. Latsa gindin, tunda ta riga ta shiga."

Ya latsa, ya jira, ya cire. Ƙas. Ya daɗe yana neman wurin a fatarsa, sannan ya ce sauro ma ya fi ta iya aiki.

Daga ranar gwaji ya ƙare, sauran alluran suka kai mu dawowar Yaya, jikin Baba ya fara cikowa. Sai dai bai taɓa yi ba in Inna ba ta ga hadari ba. In tana daka, haka zai zauna da riga a ɗage yana gyaran murya har ta ajiye taɓarya ta dubi gabas.

Da yammar da gabas ta yi baƙi da gaske, iska ta kawo ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, Inna ta leƙa zaure ta ce masa ga hadari. Ko ɗaga kai bai yi ba daga wasa askarsa. Ya ce ya riga ya yi ta yau.