Baba Mai Guga a Hannun Saje

Shekara goma sha tara Baba mai guga ya yi a kusurwar shagon ɗinkina, tsakanin buhun gawayi da taga. Da can direban babbar mota ne, idonsa ya fara rauni ya ajiye tuƙi. Matarsa ta rasu, 'yarsa ɗaya tana aure nesa. Ba ya ɗora dutsen guga a kan kaya sai ya kara shi kusa da kumatu ya ji zafinsa. In na ce ya yi sauri, sai ya ce, "Uwar ɗakina, rigar nan ba gudu za ta yi ba."

Wata Talata leshin wata mai kawo mana ɗinki ya ɓata. Na zazzage shago, babu. Na tambayi Baba, ya sunkuyar da kai yana ta juya gawayi. Ni kuwa in raina ya ɓaci ba na ji ba na gani.

A unguwarmu kowa ya san 'yan sanda biyu na ofishin bakin titi. Akwai Kofur, mai tumbi da son hira. In shi ya kama mutum, zai daka masa tsawa, ya rubuta layi uku, ranar shari'a a nemi Kofur a rasa, har alƙali ya gaji ya kori ƙarar. Akwai kuma Saje, wanda ko maɓalli ya tsinta sai ya sa shi a leda ya liƙa masa lamba, kuma kafin a buɗe kotu yana kan benci da fayil. Laifi iri ɗaya, na hannun Kofur ya kwana a gida, na hannun Saje ya tafi gidan yari. Shi ya sa kafin a kai ƙara ake leƙawa a ga wa ke kan kanta. Mai son tsoratarwa kawai, Kofur yake jira.

Tsoratar da Baba nake so. Amma ban leƙa ba, waya na buga. Da na hango Saje yana saukowa daga babur, na san magana ta ɓaci.

A ɗakin Baba ya samo leshin, ƙarƙashin katifa, da ƙatuwar ƙuna a tsakiya. Ashe idon ne ya ci amanarsa ya ƙona, kunya ta hana shi faɗa. Na ce, "Yallaɓai, na janye, a bar maganar." Saje ya ce, "Hajiya, ya riga ya shiga littafi." A kotu aka tambayi Baba ko shi ya fitar da kayan ya ɓoye, ya ce e. Aka yanke masa wata shida. Ban je na duba shi ba ko sau ɗaya, don ban san da wane ido zan kalle shi ba.

Ranar da ya fito sai ga shi a ƙofar shago, ya rame, yana lalube da sanda. Ya durƙusa, tsoho sa'an mahaifina, ya ce, "Uwar ɗakina, na jawo miki abin kunya. Ki yafe mini."

Masu ɗinki duk sun tsaida kekunansu suna kallona. Na buɗe baki, na ce, "Ba komai, Baba, na yafe."