Ranar da Orozi Ya Kulle Ruwa

Orozi ɗan Hemshi bai taso da niyyar zama kuku ba. Ubansa ya bar musu raƙuma sittin da 'yan kai a arewacin garin Fada da ke ƙasar Chadi, sai fari ya zo yana ɗan shekara ashirin, ya cinye su ɗaya bayan ɗaya. Da taguwar ƙarshe ta faɗi, ya kwaso mahaifiyarsu Zenaba da ƙaninsa Barkai suka shigo gari. Ya yi dako, ya yi gadi, ya yi shekara biyu yana haƙar gishiri har tafin hannunsa ya tsage. Ana nan sai Turawa suka fara zuwa kallon duwatsunmu, waɗanda mu dai ba mu taɓa ganin abin kallo a jikinsu ba, aka ce ana neman mai dafa abinci wanda ya san daji. Orozi ya ce ya iya. Ƙarya yake yi, in ban da shayi da tuwon gero ba abin da ya taɓa ɗorawa a wuta. Amma kafin shekara ta zagayo yana dafa taliyar da Italiyawa ke neman ƙari.

Mutum ne mai tsantseni har ya yi yawa. A shekararsa ta uku zoben wata Bajamushiya ya ɓace a zango, aka zazzage jakarsa a gaban direbobi, har wandonsa na canji aka kakkaɓe. Da yamma matar ta tsinci zobenta a cikin safarta. Ta ba shi haƙuri, ya ce ba komai, amma abin bai taɓa fita daga ransa ba. Tun ranar, kayan baƙo in dai an bar masa, sai ya sa musu kwaɗo, ya ja kwaɗon sau biyu, sannan hankalinsa ya kwanta.

Barkai kuwa da ya girma tuƙi ya koya, kuma hali ya sha bamban. Ga surutu ga dariya, sisi ba ya kwana a aljihunsa. Ya auri Ashta, suka haifi 'yan mata uku. Shi da Orozi suka zama 'yan mota ɗaya a wurin Alhaji Sugi, wani mai motocin daji uku da ke zaune a Injamena. Barkai na tuƙi, Orozi na tsugune a kan yashi yana fifita gawayi, haka har shekara goma sha bakwai, gwiwoyinsa suka fara ƙara in zai miƙe.

Wata shekara wasu Turawan Afirka ta Kudu suka gaji da yawo, suka sa kayansu a kasuwa. Akwai tantuna biyu irin waɗanda ake ɗaurewa a saman mota a hau da tsani, akwai kuma 'yar tirela mai taya biyu, ƙarfe zalla, da tantinta da kicin ɗinta. A cikinta akwai tankin ruwa na lita ɗari uku, famfonsa da bakin zuba ruwan duk suna bayan ƙofar kicin. Alhaji ya ce ɗaya zai saya, su zaɓa, tunda su za su sha wahalarsa. Nan fa aka yi ta.

"Yaya, don Allah ka bar maganar wutsiyar nan," in ji Barkai. "Ni zan ja ta fa. Ran da ta nutse a yashi kana gefe kana yanka albasa."

"To ɗora akurki a kan mota, ka riƙa hawa tsani kamar zakara. Da wannan nauyi a ka, kana hawa tudu a karkace, wallahi sai ka kwantar da mutane."

"Ni? Wa na taɓa kwantarwa?"

"Jakin Kosso da ka buge da mota."

"Jakin ne ya kwantar da kansa!" Barkai ya yi dariya har da buga cinya, sannan ya gyara zama. "Ka ji dalilina, Yaya. In tanti na sama, inda mota ta je nan gida ya je. Ruwa, abinci, bargo, duk muna tare. Wutsiya kuwa dole wata rana a kwance ta a bari, mu muna gabas ruwa na yamma."

"Ai daɗinta ke nan. Ka kwance, ka tafi sakayau, ka dawo ka tarar da shayi a wuta."

"Ka dai faɗi gaskiya, tsoho, gwiwa ce ta gaji."

Gaskiyar ke nan kuwa. Orozi ya ga kicin ɗin da za a yi girki a tsaye, da maratayar ludayi da gurbin kowane kofi, zuciyarsa ta kwanta a kai. Mutumin da ya rasa raƙuma sittin bai taɓa samun abin da zai kira nasa ba sai wannan akwatin ƙarfe, ko da yake ba nasa ba ne. A wurinmu ƙane ba ya ja da wansa a gaban bare, don haka Barkai ya ɗaga kafaɗa, Alhaji ya sayi tirela.

Shekara shida tana musu aiki. Ta sha nutsewa, Barkai ya sha zaginta har kakanninta, Orozi kuma yana goge ta da tsumma kullum safe.

A shekara ta bakwai, cikin watan Afirilu, lokacin da mai hankali ya riga ya daina kai baƙi daji saboda zafi, aka haɗa su da wasu Italiyawa biyu, mata da miji. Mota biyu suka fito kamar yadda aka saba, amma a kwana na huɗu ɗayar ta karya sifirin, direbanta ya lallaɓa da ita ya koma Fada, da alkawarin zai same su bayan kwana shida. Suka yi zango a gefen kwarin Murdi. Baturen ya nace sai ya ga wani dutse mai zanen shanu da aka ba shi labari, hanyar kuma tudun yashi ce wadda tirela ba ta hawa. Aka kwance ta. Barkai ya jefa kwalaben ruwa shida a mota, ya leƙo ta taga.

"Yaya, ka ga abin da nake faɗa? Mu gabas, ruwa yamma. Ka sa mana nama da yawa, la'asar muna nan."

"Tafi can, sarkin baki. Ka kula da mutane."

La'asar ta yi, magariba ta yi, ba mota. Washegari Orozi ya wuni a kan tudu yana duban gabas. Ƙa'idar daji kowa ya san ta, kuma shi da kansa ya koya wa Barkai: wanda aka bari a zango ba ya motsawa, don shi ne wurin da kowa ya san zai samu. Amma mutum uku ne da kwalba shida, a rana irin wadda ba a iya taɓa ƙarfe. Ya zauna jingine da lita ɗari uku na ruwa, in ya kai kofi baki sai ya kasa haɗiyewa. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba, ko a shekarar fari.

Da asubar kwana na uku da tafiyar su Barkai ya kasa daurewa. Ya cika jarka mai lita ashirin, ya ɗaure ta da rawani a bayansa. Ya duba cikin tirela, ga fasfo ɗin baƙi, ga jakar matar, ga na'urorin ɗaukar hoto. Hannunsa ya tura ƙofar kicin, ya sa kwaɗo, ya ja sau biyu, ya jefa makullin a aljihun gaba. Ko kaɗan bai kawo a ransa wani zai zo bayansa ba. A ganinsa duk masu ƙishirwa suna gabansa.

Ya bi sawun taya, sawun kuwa ya yi ta zagaye tuddai yadda mota ke yi. Mutum mai shekara hamsin da ɗoriya, da gwiwa irin tasa, da jarka a baya. Sai hantsin kwana na huɗu ya hango motar a gindin wani tudu, bonet a buɗe. Turawan na kwance a ƙarƙashinta, leɓɓansu sun farfashe, amma da ransu. Ya ba su ruwa kaɗan-kaɗan, sannan ya tambaya da guntun Faransancinsa.

"Ina Barkai?"

"Ya tafi," in ji matar, muryarta da ƙyar take fita. "Jiya da asuba. Kwana biyu yana fama da injin, ya ƙi tashi." Ta nuna saman tuddai, miƙe sak zuwa yamma.

"Da ruwa?"

"Ya bar mana duka. Mun ce ya ɗauki kwalba ɗaya, ya yi dariya. Ya ce akwai ruwa a zango, yayansa na can, ba ya motsawa."

Orozi ya ce alhamdulillahi. Sun yi saɓani ne kawai, shi ya zagaya, Barkai ya yanke. Yanken bai fi tafiyar yini ba, yanzu haka yaron na can ya sha ya ƙoshi, yana shirya irin tsiyar da zai yi masa. Ya bar wa Turawan jarkar, ya ɗebi kwalba biyu, ya ce kada su motsa, ya hau sawun ƙaninsa har yana ɗan murmushi. Da azahar ya tsaya, ya yi taimama, ya ta da salla. Yana kai goshinsa ƙasa makullin ya zamo daga aljihu ya faɗi a kan yashi, daidai gaban idonsa.

Allah ya gafarta masa, bai idar da sallar nan ba.

Abin da ya fi muni shi ne Orozi ya iya karanta sawu. Ya ga inda takun Barkai yake da faɗi, ya ga inda ya fara gajarta. Ya ga inda ya zauna a gindin dutse ya jira rana ta yi sanyi, da inda ya durƙusa ya sake tashi, da inda ya yar da takalmi ɗaya bai koma ya ɗauka ba. Ko sau ɗaya sawun bai kauce ba. Orozi na tafe yana faɗuwa yana kiran sunansa, yana roƙon Allah ya sa kwaɗon ya ci amanarsa ya karye.

Da la'asar ta kwana na biyar ya iso. Duwatsu sun kai goma a zube a bakin ƙofar kicin, wasu sun rabe biyu. Kwaɗon ya lotse, jikin ƙofar duk tabon jini ya bushe. Butar shayi na gefe a kife, ita ma Orozi ya wanke ta tas kafin ya tafi, don ba ya barin buta da ɗigo. Barkai na kwance a ƙarƙashin tirelar, ya manna kuncinsa da farantin ƙarfen da ke kare tankin, inda ya fi sanyi. Jikinsa bai gama sandarewa ba.

Makullin ya buɗe kwaɗon a murɗa ɗaya. Da ruwan nan Orozi ya yi masa wanka, shi kaɗai, ya naɗe shi da zanin gadon baƙi, ya haƙa masa kabari da faranti. Washegari ɗaya motar ta iso kamar yadda aka yi alkawari, aka je aka kwaso Turawan.

Ba wanda ya tuhume shi. Direbobi suka ce kwana ne ya ƙare, hukuma ta rubuta ƙishirwa, Alhaji Sugi ya sayar da tirelar ya sayi tantunan sama. Orozi bai sake shiga daji ba. Yana nan har yau a bakin tashar Fada yana sayar da shayi, 'ya'yan Barkai uku shi ya aurar da su. Mutum ɗaya ce ta tambaye shi dalla-dalla, ranar da ya dawo gida. Labarin mutuwar ya riga shi isowa, amma ba a faɗi yadda aka yi ba. Tsohuwa Zenaba, wadda idonta ya riga ya tafi, ta sa aka shigo mata da shi ɗaki.

"Orozi, ɓata hanya ya yi?"

"Bai ɓata ba, Inna. Ya iso."

"To ruwan ne ya ƙare?"

"Bai ƙare ba."

"Nawa ne tsakaninsa da shi?"

Ya haɗa yatsu biyu ya ɗaga don ya nuna tazarar, sai ya tuna ba ta gani. Ya kama hannunta ya ɗora a kai. Ta shafa faɗin yatsun, ta daɗe tana shafawa.

"Wa ya hana shi?"

"Ni ne, Inna. Na kulle."

Ba ta yi kuka ba, ba ta zage shi ba, shi kuwa da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ta saki hannunsa ta juya fuskarta bango.

"Tashi ka je ka faɗa wa Ashta da bakinka. Kada ka rage komai."

Ya fito tsakar gida. Ashta ta riga ta fito daga ɗakinta, lulluɓe da mayafin takaba, idanunta sun kumbura. Ta durƙusa a gabansa da kwanon ruwa a hannu biyu, yadda ake tarar wanda ya dawo daga tafiya.

"Sannu, Yaya. An ce kwana biyu kana bin sa da jarka a baya. Allah ya saka maka. Sha, ka sha wahala."

Orozi ya tsaya yana kallon ruwan. Ita kuma ta ci gaba da miƙo masa kwanon.