Tulun da Ba Ya Riƙe Ruwa

"Wanga abu ko ruwa ba ya riƙewa," in ji Inna, mahaifiyata, tana jujjuya tulun da ɗiyata Hauwa ta gina.

Inna ta tsufa tana ginin tukwane a Geza. Hauwa kuwa a makaranta ta koyo nata, na ado take ginawa, shi ya sa kullum suna musu a kan yumɓu. Wannan tulun wuyansa a karkace, cikinsa duk huji. Hauwa ta shafe shi da launin ruwan ƙasa har wuya, sai ɗan kore da ke leƙowa a baki.

Ana haka wani ɗan kasuwa daga Benin ya tsaya da babur, ya fara tayi. Inna ko kallonsa ba ta yi ba. Ta ɗora yatsa a kan koren nan.

"Hauwa, wagga ba shinkafarmu ba ce, shekarar da ambaliyar kogin Kwara ta cinye ta?"

"Ita ce, Inna."

"To malam, hau babur ɗinka. Ba na sayarwa ba ne."

Tun da nake, ban taɓa ganin Inna ta ajiye ginin wani a ɗakinta ba. Yau na Hauwa na nan kusa da randarta. Jama'a, ku gaya min, wace shaida ce ta fi wannan?